Rigar Bakanike da Motar Tumatir

Nafi'u, tun jiya da ka ce in buɗe adaka in ba ka rigar aikin kakanka nake juya maganar, har yanzu ban gane kanta ba. Shekara talatin ina wanke rigar nan da toka da ruwan zafi, baƙin mai bai taɓa fita ba. Facin da ke jikinta duk hannuna ne. Mutumin nan ya kwanta ƙarƙashin motocin mutane har bayansa ya lanƙwashe don kada ubanka ya sa irinta. Yau kai da takardunka ka ce ita ake yayi, wai har abokanka suna bin 'yan gwanjo suna neman wadda ta fi koɗewa. Ni ban yi boko ba, ban san yayi ba. Amma ajiye wayar nan, ka zauna in ba ka misali.

Wani manomi ne ɗan fadama ya yi wata uku yana ban ruwa, ya tsinke tumatirinsa gaba ɗaya, ya cika kwanduna, ya yi shatar mota zuwa kasuwar birni. Abin da zai ci da iyalinsa har damina ta faɗi yana cikin motar nan. Da hantsi, a tsakiyar daji, mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Direba ya leƙa, ya hura nan ya goge can, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai an ɗauko bakanike a garin gaba. Aka yi sa'a ɗan acaɓa ya zo wucewa. Har direba ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, wani mutum ya fito zai kama ruwa. Shuɗiyar rigar aiki ce a jikinsa, ta koɗe, gwiwar hannu faci, aljihu ya yage daidai inda sifana ke zama, baƙin mai ko'ina. Manomi ya ɗaga hannu sama ya ce Allah Ya kawo musu injiniya har inda suke. Nan take aka sallami ɗan acaɓa.

Shi kuwa mutumin nan ko tayar keke bai taɓa cirewa ba. Ma'aikacin ofis ne, rigar a gwanjo ya saye ta don kwalliya. Amma an kira shi injiniya, sunan ya yi masa daɗi, kafin ya gama jin daɗin an ɗaga masa murfin injin, kunya kuma ta riƙe masa harshe. Ya taɓa ganin ana ƙwanƙwasa kan batir da dutse, sai ya ce a miƙo dutse. Ya ƙwanƙwasa, mota shiru. Ya zare wata waya ya hura, ya manta inda ya zaro ta, ya cusa ta inda ya ga rami. Direba ya san ba haka ake yi ba, ya buɗe baki, ya dubi rigar, ya rufe. A ransa, wanda rigarsa ta sha mai haka ai ya fi shi sani, wataƙila sabon salo ne na birni. Manomi yana duban direba, direba yana duban riga, mai riga yana duban injin kamar akuya ta shiga masallaci. Rana ta take, azahar ta wuce, babu wanda ya san me ake jira. Can la'asar sakaliya mai riga ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ga wani abu ja yana ɗiga a ƙasa. Ya miƙe da murna ya ce ya gano ciwon, mai ne ke yoyo. Manomi ya sa yatsa ya lakato ya sansana. Tumatirinsa ne, rana ta dafa shi yana tsiyaya ta ƙasan kwanduna.

Manomi bai yi zagi ba. Hannun mutumin ya kama ya juya, ya ga tafi sumul kamar na jariri, farce fari tas. Ya ce, "Bawan Allah, rigar nan ta waye?" Ya ce saye ya yi. "Mai ita fa, yana ina?" Ya ce bai san shi ba. Manomi ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya san matsiyaci na aron babbar riga ya je ɗaurin aure, wannan kowa ya san dalilinsa. Amma mai hali ya sayi dauɗar wani da gumin wani ya rataya a wuya, manomi ya rasa inda zai ajiye wannan a kansa. Ga motar mutumin nan tsaye gefen hanya tun hantsi, lafiyarta ƙalau. Da ya buɗe baki tun farko, da ita za a je a ɗauko mai aikin. Da ita ɗin aka je daga baya, bakanike ya zo sanye da 'yar shara fara, ya mayar da wayar inda take, ya ɗaure wata ƙusa, mota ta tashi. Sai dai abin da ya isa kasuwa ko masu miyar talla ba su taya ba.

Ga mabuɗin adakar, kayan kakanka ne, ban hana ka ba. Amma rigar nan magana take yi tun kafin mai ita ya yi sallama, kuma mutane suna yarda da ita. Ranar da aka kira ka da sunan da ba naka ba, ko dai hannunka ya san hanyar sifana, ko bakinka ya yi saurin faɗin gaskiya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kama da wane ba ta wane.