Kukan Birki

Maikuɗi ya sake ɗaga tsohuwar fijo ɗinsa a kan jak, ya kwance tayar gaba. Babu mai miƙo masa sufana. Tun da aurensa ya mutu, shi kaɗai yake kwana yake tashi a gidan nan na Anka.

Maƙwabcinsa Sahabi ya leƙo ta kan katanga. "Kai kuma! Ba makon jiya kas sa sabbin takalman birki da faifai ba? Ko jabu anka sayar maka?"

"Lafiyarsu lau," in ji Maikuɗi.

Lafiyarsu lau ɗin kuwa. A da, in ya taka birki, ƙarfe ke cin ƙarfe, motar ta tsala ƙara har fasinjojin Gummi su toshe kunne. Yanzu tsit take tsayawa, kamar ba ta zo ba.

Ya zare sabon takalmi ɗaya ya ajiye. Ya tono tsohon daga bola, wanda ya cinye har ƙarfe ya fito, ya hure ƙasar ya mayar.

Sahabi ya riƙe baki. "Maikuɗi, da ranka kaka wasa!"

Maikuɗi ya ci gaba da ɗaure noti. A wani ƙauye kan hanyar Gummi gidan tsofaffin surukansa yake. Sun hana shi shiga, sun hana shi ko danna oda a ƙofar.

"Tun da nig gyara, kullum sai na rage gudu wurin, amma ɗiyata Rufaida ba ta fito ba," ya ce a hankali. "Ba ta ganin hanya daga cikin gidan, Sahabi. Kukan ga taka ji ta sheƙo."