Zanen Mama a Jikin Bargo

Gabana ya faɗi da na hango ƙyallen zanen Mama a tsakiyar bargon. Ina aji huɗu lokacin, malamarmu ta kai mu ɗakin nunin kayan gargajiya a Lokuwa mu koyi yadda ake haɗa bargo da ƙyallaye. Mama tana asibiti a Yola, kuma a gidanmu sai mutum ya rasu ake raba tufafinsa. Sai na fashe da kuka ina nuna ƙyallen.

Tsohuwar da ke koya mana ɗinkin ta ajiye allura.

"Jikata, ke ce 'yar Rifkatu? Share hawayenki. Uwarki da kanta ta yanko mini shi, wai da shi ta goya ki. Jiya muka yi waya, jibi za a sallame ta."