Rijiyar Malam Tanimu

Tun da sabuwar doka ta fito, ba a miƙa wa baƙo ruwa sai an ɗiga masa sinadarin gwaji. In ya yi ja, a rufe rijiyar.

'Yar Malam Tanimu, Dakta Hansatu, ita ta haɗa sinadarin, ita kuma ke shugabantar cibiyar binciken. Ran da ta zo gida, ya kawo mata ruwa.

"Uwata, da ruwan rijiyar nan aka yaye ki fa."

"To bari ta ci jarrabawa, Baba, kamar 'yarka."

Ta ɗiga. Ruwan ya tsaya garau. Ta shanye tas, ta nemi ƙari.

Ya yi hamdala. Amma ya lura, kofi na biyun ma sai da ta ɗiga.