Ƙwaurin Hambali da Kazar Maɗori

Tunda kun hana ni sakat da musun nan naku na wane wasan ƙwallo ya fi wuya, ku zauna ku ji abin da ya faru a zauren wani maɗori, Baba Jatau, tsohon da ya gaji ɗori kaka da kakanni.

A mako guda aka kawo masa samari biyu. Na farko Hambali, ɗan ƙwallon ƙafa, an taka masa ƙwauri a fili ya karye. Na biyu Zayyanu, ɗan zari-ruga, wasan nan da mutum ke rungumar ƙwallo mai kama da gwanda ya ruga da ita, ƙarti su bi shi su danne; shi hannu ne ya karye. Baba Jatau ya ja ƙashi ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure. Bisa al'adar gidansu, ya kama wata jar kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta kamar yadda ya ɗaure ta Hambali, ya kife ta da kwando a gefen zaure. Ya ce kwana arba'in cur, daga kazar har mai ƙafar, kada wanda ya taka ƙasa. Hankalin Hambali ya tashi, domin wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji nan da wata uku, kiran da ya shekara shida yana jira. Tsoho ya ce masa ya kwantar da hankali, zai kai, muddin ya kwanta.

To, jiki ya kwanta, amma baki ya ƙi. Tun daga kokon safe har la'asar sakaliya musu ɗaya suke yi. Zayyanu ya ce 'yan ƙwallon ƙafa ragwaye ne, iska ta taɓa mutum ya faɗi yana birgima yana leƙen alƙalin wasa ta wutsiyar ido. Hambali ya ce zari-ruga ai ba wasa ba ne, kokawa ce da aka rasa mai rabawa, kuma wanda bai taɓa shan ƙusoshin takalmi a ƙwauri ba bai san zafi ba. Wuri ɗaya kawai bakinsu ke haɗuwa, wajen yi wa masu ƙwallon Amurka dariya, wai su da hular kwano da katifa a kafaɗa suke shiga fili. Da sun gama dariyar sai su koma kan juna. Baba Jatau ya gaji har wuya. Shekara hamsin yana taɓa ƙashi, na manomi da na ɗan dambe da na wanda ya faɗo daga mangwaro, bai taɓa ganin ƙashin da ya tambayi sunan wasa kafin ya karye ba. Ya faɗa musu haka ya fi sau goma, kamar yana zuba ruwa a kwando. Wani lokaci sai ya ɗauki butarsa ya bar musu zauren, yana tsaki.

Abin da tsoho ya lura da shi, Hambali kuwa bai lura ba, shi ne duk cika bakin Zayyanu, hannun nan ko motsa shi ba ya yi. Ƙuda ya sauka a kai, sai ya hura masa iska da baki. Jarumtarsa duk a harshe take, kuma harshe ba ya karyewa.

Ranar kwana na ashirin, Baba Jatau ya shiga cikin gida ɗauko magani. Nan Zayyanu ya kawo labarin wani ɗan wasansu da ya ƙarasa wasa da karyayyen haƙarƙari, ya ce a ƙwallon ƙafa kuwa, ga ƙato kwance an haɗa shi jinya da kaza. Maganar ta soki Hambali. Haba! Shi za a haɗa da kaza? Ya kwance tsumma, ya zubar da karare, ya dafa bango ya miƙe, wai zai taka zuwa bakin ƙofa ya dawo don a san 'yan ƙwallon ƙafa ma maza ne. Taku uku ya yi. A na huɗu aka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Baba Jatau ya fito da gudu, ya tarar da shi a ƙasa yana salati, ƙashin da ya fara kamawa ya sake rabuwa, wannan karon har wuri biyu, karayar da kwana arba'in ba za su ishe ta ba. Takaici ya kama tsoho. Sai da ya durƙusa ya dafa ƙafar, sannan ya ce, "Ɗan nan, kazar can ba ta da ƙungiyar da ke jiranta, amma ta kwanta. Kai me ya tsone maka ido?"

Ranar gwajin ta zo ta tarar da Hambali a kan tabarmar nan dai, da sababbin karare a ƙafa. Ƙungiyar ta ɗauki wani. Zayyanu, wanda tuni ya warke ya koma fili, ya zo dubiya da ledar lemo a hannun da aka ɗora masa, ya zauna ya kasa haɗa ido da kowa. Jar kazar kuwa tana tsakar gida tana tonon ƙasa da ƙafafunta biyu, Hambali na kallonta ta bakin ƙofa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.