Gurbin Auta

Lif ɗin ofishin izinin haihuwa ya sake lalacewa, ga Mama kuma ta zube a kan matakala tun hawa na biyu tana haki.

"Haba Mama, don Allah! Layi zai wuce mu," in ji Auta.

"Yi gaba, 'yar nan, ina tafe."

Shekarar Auta casa'in da huɗu, kuma har yau ita ce ƙaramar gidan. Tunda allurar shekara-shekara ta hana mutane tsufa, doka ta ce ba mai haihuwa sai gurbi ya samu a danginsa. To ina gurbin? Kakan kakanta na nan garau, kullum da safe sai ya zagaye unguwa a kan keke. Mutum talatin da ɗaya a ɗaki shida, banɗaki ma sai an bi layi. Sau arba'in tana cike takardar neman ɗa, sau arba'in ana dawo mata da abarta. Kayan jariran da ta saƙa har asu ya cinye, ta sake saƙa wasu.

Abin haushi, Mama ma ta zame mata aiki. Zare a allura, sai an zura mata. Takarda, sai ta miƙe hannu can nesa kafin ta karanta. Ɗankwali kuwa ko a ɗaka ba ta cirewa. Son jiki ne kawai, a ganin Auta. Matar da a da take hawa bene da buhu a ka! Kuma ita ta nace sai ta rako ta yau.

Akawun ya karɓi takardar ko kai bai ɗago ba. Auta ta haddace amsar, har ta buɗe baki za ta zazzage masa abin da ke cikinta.

Tim! Ya buga hatimi.

"An ba ki."

"Ni? Malam, duba da kyau. Ba wanda ya rasu a gidanmu."

"Ba sai an rasu ba, baiwar Allah. In mutum ya bar allura shekara goma cur, gurbinsa ya zama na wanda ya rubuta ya bar wa. Kuma ba a komawa allurar."

Auta ta yi dariya. "Wane mahaukaci ne zai yi haka a gidanmu?"

Ta juya da takardar a hannu, sai ga Mama ta iso bakin ƙofa dafe da bango tana murmushi, ɗankwalinta ya zame, kanta fari fat da furfurar da Auta ba ta taɓa gani ba sai a tsofaffin hotuna.