Firjin Motar Baba

Mai shagon ya sauko da firji na uku daga kan kanta, ya goge murfin da hannun rigarsa, ya ce wannan kam ko a tsakiyar daji aka sauka da shi, ruwa ba zai rabu da sanyinsa ba.

Yaya ta matso kusa da firjin. Ta ciro tef ɗin awo daga jaka, don ɗinki ne sana'arta, ta auna tsawo da faɗi. Bayan motar Babanta ba shi da yalwa, ga tabarma da buta da ƙaramin risho sun riga sun kama wurinsu.

Ba marmari ne ya kawo ta ba. Baba tsohon direban babbar mota ne, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cin abinci a gefen titi. Tun da ya ajiye aiki, abincin cikin ɗaki ya daina wuce masa. A kai masa kwano, a dawo a tarar ƙudaje ne kawai suka sa albarka. Amma in ya shiga ƙaramar motarsa ya yada zango, ya shimfiɗa tabarma a gindin bayanta, sai ya ci har ya nemi ƙari.

Matsalar ita ce zafi. Kafin azahar madara ta tsinke, kifi ya sauya hali, ruwan sha ya koma na wanka. Makon jiya cikinsa ya ɓaci har sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Likita bai yi kwana-kwana ba: ko tsohon nan ya riƙa ci yana sha, ko a fara neman masa gado a asibiti.

Mai shagon mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke fitowa bayan an ga mai saye ba zai ruɗu ba. Ya ce mai arhar nan fanka ce kawai a cikinsa, ba ya hutawa, yini ɗaya zai zuƙe batir. Na tsakiyan yana da kwamfuresa kamar firjin gida, in ya yi sanyi sai ya yi shiru abinsa, ya ɗan fi tsada amma wuta kaɗan yake ci. Babban kuwa na masu taron jama'a ne.

"Kuma ai in ana tafiya, inji zai riƙa cika batirin, Hajiya."

"A ɗauka ba zai cika ba," in ji Yaya. "Ni nake cire shi in kai caji, bayana kuma ya fara ƙorafi."

Ya ce yana da wani makanike da zai duba mata wannan. Ta yi godiya, ba ta tambayi inda yake ba.

Ya nuna mata wani maɓalli da yake alfahari da shi. In batir ya yi ƙasa, firjin da kansa yake mutuwa, don a bar wa mota abin tashi. Yaya ta tambaya ko ana iya hana shi wannan ladabin. Mai shagon ya dube ta, ya ce ana iyawa, amma shi bai taɓa ganin wanda ya so haka ba. Ya kawo igiyoyin ɗaure firji saboda gargada, ta ce hanyar Baba ba ta da gargada. Ya kawo farantin sola, ta ce Baba a inuwa yake tsayawa.

Ta zaɓi na tsakiyan. Suka ja ciniki har mai shagon ya rantse da abin da bai kamata ba, sannan ya sallama. Yana cikin rufe kwali ta hango wata doguwar waya baƙa.

"Wannan fa?"

"Ta jonawa a bango ce, in kuna gida."

"Cire ta. In Baba ya gan ta, shi ke nan an ɓata tafiya."

Ya cire. A ransa ya ce tsofaffin direbobi kowa da irin tasa.

Washegari da safe Yaya ta daidaita firjin a bayan mota, ta jona shi da batir, ta jera ruwa da madara da dafaffen ƙwai da kifi da lemo. Ta yi komai a hankali, don Baba ba ya son a sauya masa tsarin kaya, kuma in ya ƙi abu ya ƙi shi ke nan.

Ya fito da hularsa ta aiki, ya zaga bayan motar. Ya buɗe murfin, ya sa hannu ciki, ya daɗe bai cire ba.

"Wa ya saka wannan?"

"Kamfani ne suka aiko, Baba. Sun ce na manyan direbobi ne."

"Sai yanzu suka tuna," ya ce, ya rufe. Ya shiga ya gyara madubi, ya ɗaura bel, ya leƙo ta taga. "Uwata, ki kula da gida. Kada a jira ni."

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Rana ta take, zafi ya kai inda ya saba kaiwa. Baba ya ja burkin hannu, ya sauko yana miƙa, yana mitar cewa hanyoyin yanzu sun fi na da tsawo. Ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe firji. Ya shanye gorar ruwa a tsaye. Ya zauna ya cinye ƙwai, ya bi da kifi, ya kora da madara, ya ɓare lemo yana kallon nesa.

Daɗi ya kama Yaya har idonta ya ciko, ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ta saki labulen tagar kicin, ta ɗebi tsaba a kwano, ta bi ta bayan igiyar shanya a hankali don kada matafiyi ya gan ta, ta je ta zuba wa kazar da ke kwanci a gaban motar, a ramin da injin yake a da.