Hannun Inna a Hoton Salla

Da yammacin wata ƙaramar Salla, mai hoton Tudun Wada ya cusa kai cikin baƙin ƙyallensa, ya ce kowa ya ƙame. Daidai zai ɗauka, sai Inna ta miƙo hannu ta gyara mini hula.

Da ya wanko hoton, hannunta ya fito kamar hayaƙi bisa kaina. Na turo baki na ce, "Inna, kin ɓata mana hoto!"

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan, karkacewa ta yi."

Yau in na duba, kowa a sandare yake, har da ni mai hula daidai. Hannun nan kaɗai ke motsi. Har ta koma ga Allah ban ce mata na gode ba.